Faransanci haja ce: darasin da aka bari a kan hanyar Baleyara

Masu iya magana sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ke son ya ga gaskiyar wannan magana a fagen koyon harshe, sai ya kama hanyar Filinge ranar Lahadi, ya ya da zango a Baleyara, kimanin kilomita 100 arewa maso gabas da Yamai, cikin kwarin Dallol Bosso. A kasuwar garin, wadda ta yi suna wajen dabbobi tun daga raƙuma har zuwa awaki, harsuna huɗu ke aiki a lokaci guda: Zabarmanci da Hausa da Tamashek da Fulatanci. Dillali ɗaya yakan yi ciniki da makiyayi cikin harshen makiyayin, ya juya ya sallama wa mahaucin Yamai da Zabarmanci, sa'an nan ya yi lissafin la'adarsa da Alhajin da ya zo daga Kurfai da Hausa. Babu malamin da ya zaunar da shi a aji ya koya masa ko ɗaya daga cikinsu. Ya koye su ne a gidan mai masauki, da bakin rijiya, da wurin tayi da albarka, inda kuskuren kalma ɗaya kan jawo asarar kuɗin rago.

Abin da dillalin Baleyara ya samu kyauta, shi ne wasu ƙasashe suka mayar sana'a suna karɓar kuɗi a kansa. Ana ɗauko ɗalibi daga ƙasarsa, a sauke shi a gidan masu harshen, ya ci abincinsu, ya shiga kasuwarsu, ya halarci bikinsu da zaman makokinsu, kuma a haɗa masa da darasi na sa'o'i kaɗan kowace safiya. Faransawa suna kiran wannan tsari wankan harshe. Garuruwa irin su Besançon, wadda ta buɗe cibiyarta a 1958, da Vichy, wadda ta buɗe tata a 1964, sun daɗe suna cin abinci da shi. Abin da ƴan kasuwa da ma'aikatan ƙasar nan da yawa suka manta shi ne, Nijar ma ta taɓa yin wannan sana'a, ta kuma iya ta. Yau da dangantaka da Faransa ta yi tsami, akwai haɗarin a haɗa fushin da ake yi da gwamnatin Paris da harshen da dubban ƴan ƙasa suka sha wahala kafin su mallake shi. Faransanci haja ce a hannun Nijar, kuma mai sayenta yana nan kusa, a ƙetaren iyakar kudu.

Abin da aka yi a Hamdallay

A kan wannan hanya ta Baleyara, kimanin kilomita 30 daga Yamai, akwai garin Hamdallay. Nan ne ƙungiyar ƴan sa kai ta gwamnatin Amurka, Peace Corps, wadda a ƙasar nan aka fi sani da Corps de la Paix, ta ajiye cibiyar horar da sababbin zuwanta. Ƙungiyar ta fara aiki a Nijar a 1962, kuma kafin ta tashi sama da mutum 3,000 sun ratsa ta hannunta. Saurayi ko budurwa za su sauka daga jirgi ba su san ko gaisuwa ba. A rarraba su gida gida cikin gari da ƙauyukan kewaye, a raɗa wa kowa suna irin na gida, ya kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, ya ci tuwo da hannu. Da safe malamai ƴan Nijar su zauna da su, mutum uku ko huɗu a kan tabarma, a yi Faransanci ko Hausa ko Zabarmanci. Cikin wata biyu zuwa uku, sai a tura kowa ƙauyen da zai yi shekara biyu, shi kaɗai, ba tafinta.

Duk wanda ya yi aiki a karkara a waɗannan shekaru ya ga sakamakon. Ya ga Ba'amurkiya tana gardamar farashin albasa da Hausar Ader, ko tana rubuta rahoto da Faransanci zuwa ofishin gunduma. Waɗannan matasa ba su fi ƴaƴan kowa ƙwaƙwalwa ba. An dai toshe musu ƙofar gudu zuwa harshensu, an kuma ba su malamai da suka san aikinsu. Malaman nan ƴan ƙasa ne, masu masaukin talakawan Hamdallay ne, kuma abin da ake biya yana shiga aljihun mai dafa abinci da mai ɗebo ruwa da tela da mai shago.

A Yamai kuwa, daga ƙarshen shekarun 1980, jami'ar Boston ta Amurka ta riƙa aiko ɗalibanta su yi zango guda na karatu. Suna koyon Faransanci tare da Hausa ko Zabarmanci, wasu su zauna ƙarƙashin maƙera da dukawa na gidan tarihi na ƙasa, wasu a asibiti ko a makaranta. Abin lura a nan shi ne, waɗannan ɗalibai suna da halin zuwa Paris ko Grenoble, amma suka zaɓi Yamai, domin suna son Faransancin da ake aiki da shi a Afirka, da al'adun mutanen da ke aiki da shi.

Duk wannan ya tsaya cik a watan Janairu na 2011. Ranar 7 ga watan, ƴan bindiga suka sace wasu samarin Faransawa biyu a wani gidan abinci a tsakiyar Yamai, kuma washegari aka rasa su kusa da iyakar Mali. Cikin ƴan kwanaki Peace Corps ta kwashe mutanenta, jami'ar Boston ma ta dakatar da shirinta. Babu mai zargin baƙo don ya tsere da ransa. Abin zargi shi ne gwamnatocin da suka biyo baya, waɗanda ba su tambayi inda malaman suka shiga ba, ba su kuma ga cewa an bar musu ƙwarewar kusan shekara hamsin a ƙasa ba. An ɗauki abin tamkar harkar Amurkawa ce da ta tafi da tafiyarsu.

Mai saye yana maƙwabtaka

Tarayyar Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka, ƙasashe huɗu ne ke iyaka da ita ta tudu: Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma a dukansu ana aikin ofis da Faransanci. Jami'o'inta sun daɗe da ƙa'idar cewa ɗalibin da ke karanta Faransanci sai ya je ya zauna cikin masu harshen a shekararsa ta uku. A da ana tura su Faransa ko wata ƙasar Afirka mai amfani da harshen. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, naira ta faɗi, sai gwamnatin tarayya ta gaza ɗaukar nauyin. A 1991 ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry, cikin jihar Legas, kusa da iyakar Benin, domin ya maye gurbin tafiya waje. A 1996 Janar Sani Abacha ya yi shelar cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a ƙasarsa. Shelar ba ta cika a aikace ba, amma ta sa an ƙara wa darasin matsayi a makarantu, buƙatar malamai ta ƙaru.

Sai a duba taswira. Ɗalibin jami'ar Bayero ta Kano, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko ta Ahmadu Bello ta Zariya, yana tafiyar da ta kai kilomita 1,000 ko kusa da haka kafin ya isa Badagry, ya zauna cikin wani shinge inda da ya fita ƙofa Yarabanci da Ingilishi zai ji. Alhali tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, haka tsakanin Sakkwato da Birnin Ƙonni, kuma Kano zuwa Damagaram tafiyar rabin yini ce. Ƙasar Togo ta gane wannan kasuwa tun 1968, sa'ad da aka buɗe cibiyar Village du Bénin a Lome, wadda ke karɓar ɗaliban Ghana da Najeriya. Benin ma tana da irin tata a Kwatano. Nijar, mai iyakar kusan kilomita 1,500 da Najeriya, wadda ta fi kowa kusanci da arewacinta ta jini da addini da aure, ba ta da wata cibiya da sunanta ya kai nasu.

Kada wani ya ce iyayen Kano ba za su aiko ƴaƴansu ba. Jami'ar Maryam Abacha mai zaman kanta, wadda aka buɗe a Maraɗi a 2013, ta cika da ƴan Najeriya cikin ƴan shekaru. Uban da ke fargabar tura ƴarsa bakin teku, hankalinsa yakan kwanta idan ya ji Maraɗi, inda yake da dangi ko abokin ciniki, inda ake kiran salla a kan lokaci, inda tuwo da fura ba baƙon abinci ba ne. Kuma ba ɗaliban jami'a kaɗai ke da buƙata ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke fitar da kaya ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome, da jami'in kwastan, da ma'aikacin banki, da likitan da ke neman aiki a ƙungiyoyin duniya, kowannensu ya san abin da rashin Faransanci ke ja masa. Idan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ya fara aiki, wannan buƙata ƙaruwa za ta yi.

Harshe da tutar ƙasa

Za a ce: ashe ba yanzu aka rabu da Faransa ba? Gaskiya ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, jakadan Faransa ya bar ƙasa a watan Satumba, sojojinta na ƙarshe suka fita a Disamba, aka rufe ofishin jakadancinta a farkon 2024. A watan Oktoba na 2024 aka sauya wa titin de Gaulle suna zuwa na Djibo Bakary, cibiyar al'adu ta Jean Rouch ta koma ta Moustapha Alassane. A watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga OIF, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda a Yamai aka aza harsashinta ranar 20 ga Maris 1970, Diori Hamani yana cikin iyayenta. A cikin wannan wata ne kuma Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan Kundin Sake Gina Ƙasa, wanda ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki ne.

Kowa yana da ra'ayinsa game da waɗannan matakai, kuma masu magana da sauran harsunan ƙasa suna da haƙƙin tambayar matsayin nasu. Amma ko wanda ya fi kowa goyon bayansu ya kamata ya tsaya a kan kalmar da kundin ya yi amfani da ita. Harshen aiki kayan aiki ne, kamar sikeli a shago ko mota a tasha. Ba a tambayar sikeli ƙasar da aka ƙera shi kafin a auna gero. Djibo Bakary, wanda ya ce a'a ga de Gaulle a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, a makarantar William Ponty ta Senegal ya yi karatu, kamar Diori Hamani da Boubou Hama. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, da Faransanci ya rubuta littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka, inda ya nemi a koyar da yara cikin harsunan iyayensu. Ƙasar Kurfai kanta ta ba da Adamou Mayaki, haifaffen Filinge, wanda ya riƙe ma'aikatar harkokin waje a shekarun 1960. Ba wanda zai ce harshen da suka yi aiki da shi ya rage musu kishin ƙasa.

Ƙiyasin OIF na 2022 ya nuna masu jin Faransanci a duniya sun kai miliyan 321, kuma fiye da rabin masu amfani da shi yau da kullum a Afirka suke. Da shi Yamai ke rubuta wa Bamako da Wagadugu, abokan ƙawancenta na AES. Da shi ake cika takardun duwan a Lome. Harshen ya riga ya kuɓuce wa masu shi. A ɗaya gefen kuma, ƙofar Faransa ta ƙuntata: a 2023 ta dakatar da ba da biza a Nijar da Mali da Burkina Faso, kuma tun kafin haka ana neman ɗalibi ya nuna yana da yuro 615 a kowane wata, wato sama da jika 400 na sefa. Wane ƙaramin ma'aikaci ne, a Yamai ko a Kano, zai iya wannan? Tsadar Turai dama ce ga duk ƙasar Afirka da za ta iya sayar da abu mai kyau a farashin da talaka zai iya.

Wanka daban, nutsewa daban

Akwai ƙorafi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Malaman makaranta za su ce: wannan wanka da ake yabo, ai shi ake yi wa yaran karkara tun zamanin mulkin mallaka, kuma ga abin da ya haifar. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai a wani ƙauyen Kurfai ko na Tagazar yana shiga lakwal, mushe ya tare shi da harshen da bai taɓa ji a gida ba, a ce ya koyi karatu da lissafi a cikinsa. Yaron nan yana ƙasar waje ne alhali bai bar ƙauyensu ba. A gwajin PASEC na 2014, cikin yara goma da suka kai ƙarshen firamare a Nijar, ko ɗaya cikakke bai kai matakin da ake buƙata a karatu ba. An samu ci gaba a gwajin 2019, amma har a lokacin mafi yawansu suna ƙasa da matakin.

Masu wannan ƙorafi suna da gaskiya, sai dai abubuwa biyu ne mabambanta. Baƙon Hamdallay babba ne, ya iya karatu da rubutu cikin harshen uwarsa, shi ya zaɓi zuwa, su huɗu ne a gaban malami, kuma idan ya tashi daga darasi harshen da yake koyo zai ci gaba da ji har dare. Yaron ƙauye bai iya karatu cikin kowane harshe ba, su sittin ne ko fiye a rumfar zana, kuma da an tashi Faransanci ya ƙare sai gobe. Ƙasar nan ta san maganin wannan tun 1973, sa'ad da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke farawa da Hausa kafin a shigo masa da Faransanci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da tsarin, dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, amma gwajin ya shekara arba'in ana kiransa gwaji. Yaro ya fara da harshen gidansu, wanda ya girma kuma yake neman Faransanci don sana'a a tsoma shi cikinsa gaba ɗaya: waɗannan manufofi biyu ba sa karo da juna, ɗaya ma tana ƙarfafa ɗaya.

Inda gizo ke saƙa

Dole kuma a faɗi wata gaskiya da masu ɗokin abin za su so a ɓoye. Zumuncin da zai jawo Bakano zuwa Maraɗi, shi ne zai iya hana shi koyon abin da ya zo nema. A ƙiyasin OIF, kimanin kashi 13 cikin ɗari ne na ƴan Nijar ke jin Faransanci. A kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, mai shayi da ɗan kabukabu da mai gidan haya duk Hausa za su yi masa. Zai iya shekara guda ya koma gida da gaisuwa kawai. Ba'amurke ba shi da mafita, shi ya sa ya koya. Bahaushe kuwa mafita ta kewaye shi ta ko'ina.

Don haka abin yana buƙatar tsari, kuma a nan ne ma'aikatan gwamnati suka shigo. Gidan da za a sauke ɗalibi ya zama gidan malamin makaranta, ko ma'aikacin asibiti, ko tsohon ma'aikaci mai ritaya, wanda zai ɗauki alkawarin yin Faransanci da baƙonsa a kan tabarmar abinci, a kuma biya shi a kan haka. Ɗalibi ya sa hannu cewa daga safe zuwa la'asar ba zai yi Hausa ko Ingilishi ba. Bayan darasin safe, a tura shi inda ake aiki da harshen da gaske: ofishin magajin gari, gidan rediyo, kantin magani, ofishin masu fitar da kaya. Kada a sauke ƴan gari ɗaya a ɗaki ɗaya. A kuma riƙa kai ɗalibai yankunan da Hausa ba ta mamaye ba, su ga cewa Nijar ta fi ƙasar Hausa faɗi, kamar yadda kasuwar Baleyara ke nuna wa duk wanda ya shige ta.

Sai batun tsaro, wanda shi ya kashe shirin farko. Jahar Tillaberi ta sha wuya: harin Shinagodar na Janairu 2020 ya ci sojoji 89, a watan Agusta na wannan shekara aka kashe ma'aikatan agaji Faransawa shida da ƴan Nijar biyu a Kure, kuma ɗaruruwan makarantu sun rufe a jahar cikin shekarun da suka biyo baya. Mai hankali ba zai ce a kwashi ƴaƴan mutane a kai su ƙauyukan Filinge gobe ba. A fara daga inda za a iya tsare su, a jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, a bar wa Hamdallay da Baleyara matsayinsu har ranar da hanya za ta yi lafiya. Haka nan rufe iyaka da aka yi daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, da ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairu 2025, sun nuna cewa ɗalibi yana buƙatar takarda mai ƙarfi da za ta kare zamansa ko da shugabanni sun saɓa. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 kuma mazauninta yake Yamai, irin wannan aiki ne ya dace da ita.

Haɗari na ƙarshe daga cikin gida yake, wato kwaɗayi. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Najeriya ya nuna yadda ya sayi digiri a wata makaranta ta Kwatano cikin mako shida, kuma a Janairu 2024 gwamnatin Abuja ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Masu gaskiya a waɗannan ƙasashe sun sha hukuncin da ba su ne suka jawo ba. Idan aka bar kowane mai gareji ya kafa allo ya ce ya buɗe cibiyar Faransanci, sunan Nijar zai ɓaci kafin a fara. Jarrabawar ƙarshe ta kasance a hannun jami'a, ta baki da ta rubutu, kuma wanda bai iya ba a hana shi takarda ko ɗan wane ne.

Ciniki mai fuska biyu

Tun da kundin 2025 ya sa Ingilishi cikin harsunan aiki, tambaya ta taso: ina ma'aikatan da za su yi aiki da shi? Darasin sa'o'i kaɗan a mako da aka yi a kwaleji ba ya sa mutum ya rubuta yarjejeniya ko ya kare ƙasarsa a taro. Ga kuwa Kano da Zariya da Sakkwato a bakin ƙofa. Abin da ya fi sauƙi shi ne musaya: ɗalibi ko ma'aikaci ɗaya ya tafi kudu neman Ingilishi, ɗaya ya zo arewa neman Faransanci, kowace jami'a ta ɗauki nauyin baƙonta. Ta haka faɗuwar naira a gaban sefa, wadda ta tsananta tun 2023, ba za ta zama shinge ba, domin kuɗi kaɗan ne zai ƙetare iyaka. Shi ma ɗan Nijar da ya je Kano zai gamu da jarabar Hausa, don haka sharuɗɗan da aka ɗora wa baƙo a nan, su za a ɗora masa a can.

Ƴan kasuwa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Tun zamanin fataucin goro, uba yakan tura ɗansa wurin mai gida a zangon Kumasi ko Salaga, ya zauna shekaru, ya dawo da harshe da sanin hanya da amintattun mutane. Samarin Kurfai da na Zabarma da ke tafiya cin rani Kurmi suna dawowa da harsunan bakin teku ba tare da allo ba. Majalisar ƴan kasuwa ta ƙasa da manyan Alhazan Maraɗi za su iya gina masauki, su ɗauki nauyin ajin farko, su kuma fara da yaran shagunansu. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ta nemo tsofaffin malaman Hamdallay tun suna da sauran ƙarfi, ta sa su horar da matasan da suka gama sashen harsuna suna zaune ba aiki. Magadan gari su tantance gidajen da za su karɓi baƙi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran izinin Paris ko tallafin wata ƙungiyar waje.

An daɗe ana kukan cewa Nijar tana sayar da uraniyum da albasa da shanu ɗanye, wasu su ci ribar. Ga wata haja da aka riga aka biya kuɗinta da gumin iyaye da bulalar mushe, wadda ba ta ruɓewa a hanya, ba ta kuma ƙarewa don an sayar. Ƙasashen bakin teku sun fi shekara hamsin suna cin kasuwarta. Idan shugabanni suka bar ta ta lalace don gudun kada a ce suna son Faransa, ɗaliban Kano da Sakkwato za su ci gaba da wucewa zuwa Badagry da Lome, malaman ƙasar nan kuma su ci gaba da zaman jiran albashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa masu iko su ji, ya kuma dawo da zaman lafiya a hanyar Filinge.